Amanar Kare a Hannun Mai Turare

Muntaka mai turare ya ci amana, sannan ya yi ƙarya don ya rufe cin amanar, ƙaryar kuwa ta kashe karnuka huɗu da ba su san hawa ba balle sauka. Wanda zai ce ai kare ne, abin bai kai a rubuta ba, ya sani amana ba ta da babba da ƙarama. Ni maƙwabcinsa ne a Gyadi-Gyadi, zauren da nake ɗinki yana jingine da katangarsa, abin da zan faɗa kuwa a idona aka yi shi.

Kawun Muntaka shi ne Baba Ƙasimu, tsohon mafarauci mai gonar gyaɗa a tsakaninmu da Tarauni. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda, Nana, tana aure a Tarauni. Abin da ya rage masa a gida shi ne wani baƙin kare mai suna Duna. Shi ke korar kurege da gafiya daga gona da damina, shi ke kamo zomo da rani, tsohon ya ci ya sayar da saura. In ka cire Duna, Ƙasimu ba shi da kowa a ɗaka kuma ba shi da sana'a.

Sai dai Duna yana da wata lalura. Kowane kare yana da 'yan jakunkuna biyu a gefen duburarsa, kowace kamar ƙwayar gurjiya, suna tara wani ruwa mai wari. Yawancin karnuka in sun yi kashi mai tauri ruwan yakan fita da kansa. Na Duna ba ya fita. In aka bar shi sai ya daskare, wurin ya kumbura. Shi ya sa duk tsayuwar wata Ƙasimu kan tsuguna da tsumma da ruwan ɗumi ya matse masa su. Shekara shida yana yi, bai taɓa tsallake wata ba.

A daminar 1955 kurkunu ya fito wa Ƙasimu a idon sawun hagu. Kowa ya san halin kurkunu. Ana kama kan tsutsar a naɗe a tsinke, kullum a ja kaɗan, a ɗaure tsinken a ƙafa, har wata biyu ana lallaɓawa. In ta tsinke a cikin nama ƙafa ta kumbura kamar turmi, wani ma ba ya ƙara taka ta daidai. Nana ta ce a kai mata uban ta yi jinyarsa. Mijinta ya yarda da suruki, bai yarda da kare ba. Nan Muntaka ya tsoma baki ya ce a ba shi. Ba tausayi ya sa shi ba. An taɓa fasa masa ɗakin turare, yana son mai gadi, kuma yana so in rani ya yi a gan shi a farauta da karen da ya fi na kowa.

A ƙofar zaurena aka yi miƙon. Ƙasimu ya sauko daga jaki da ƙyar, ya zauna a ƙasa, ya ɗaga wutsiyar Duna.

"Tsuguna ka gani."

"Ina gani daga nan, Kawu," in ji Muntaka, yana tattare farar rigarsa.

"Daga nan me kake gani, saman bishiya? Ga su nan, ɗaya nan, ɗaya nan, ƙasa-ƙasa. Ka gasa da ruwan ɗumi tukuna, sannan ka sa yatsa biyu ka matso sama a hankali. Duk tsayuwar wata. Ka riƙa ba shi ƙashi da tuwon dusa, ban da kunu zalla. In ka ga ya fara jan gindi a ƙasa, kada ka jira wata."

"An gama, Kawu."

"Ba a fara ba. Ka ɗauka amana?"

"Na ɗauka, tsakanina da Allah."

Ya ambaci Allah a gabana, fuskarsa na kallon hanya.

Muntaka mutum ne da in ƙuda ya sauka a rigarsa sai ya canza wata. Yana yawo da akwatin kwalabe a bakin hanyar Zariya, yana ɗiga wa mutane turare a bayan hannu. Wata ya tsaya, bai tsuguna ba. Wani ya tsaya, bai tsuguna ba. Abinci kuwa ragowar kunu da koko yake zuba wa karen, don ƙashi sai an je wurin mahauta an roƙa, shi kuma girman kansa ya fi ƙarfin roƙo. Duna ya fara zama yana jan gindi a tsakar titi, ƙafafun baya a sama, mutane na dariya. Daga baya ya koma juyawa yana cizon gindin wutsiyarsa, in ya zo kashi sai ya yi ta kuka.

Na yi masa magana sau ɗaya. "Muntaka, karen nan ya fara abin da kawunka ya faɗa."

"Tsutsar ciki ce, Malam. Ni da zan taɓa hannun alhazai da turare, in sa yatsa a gindin kare? Kai za ka saya?"

Na yi shiru na koma kan keken ɗinkina. Wannan shirun laifina ne, ban kuwa ɓoye shi ba.

Da wurin ya kumbura har ana hangensa daga nesa, labari kuma ya zo cewa Ƙasimu ya kusa warkewa, tsoro ya kama Muntaka. Ya tambayi masu jakuna abin da suke yi wa kumburi, suka ce lalas, wato a gasa ƙarfe a ɗora a wurin. Wannan ya yi masa daɗi, don ƙarfe yana da tsawo, hannu ba zai taɓa kare ba.

Ranar wata Talata da hantsi ina ɗinki na ji wani kuka daga bayan katanga wanda ban taɓa jin dabba ta yi irinsa ba. Kafin in miƙe Duna ya fito daga zauren Muntaka a guje, guntun igiya a wuyansa. A daidai lokacin Inna Asma'u, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, ta kawo kai da tirenta. Suka yi karo, ta faɗi a kan bayansa, daidai wurin ciwon. Ya juyo ya kafa mata haƙori a ƙwauri, ya saki, ya yi hanyar gonaki. Da ya gifta ni na ji ƙaurin gashi.

Muntaka ya fito hannu ba komai. Ya dubi jinin, ya dubi tsallaken hanya inda Barau mahauci, ɗan Inna Asma'u, ya taso da wuƙa a hannu. Na ga idonsa lokacin da ya zaɓi abin da zai faɗa.

"Mahaukacin kare! Jama'a, Duna ya haukace!"

Bara waccan wani manomi a Hotoro ya mutu da cizon mahaukacin kare, a ɗaure, yana dalalar da yawu. Babu wanda ya manta. Inna Asma'u da ta ji kalmar sai ta daina riƙe ƙafar, ta ɗora hannu a ka tana salati, tana cewa a yafe mata. Mata suka ja ta cikin gida. Barau ya ajiye wuƙa ya ɗauki adda.

Kafin a ce kwabo mutum talatin sun taru da gora da kulki da mashi. Na kama hannun mutum biyu na ce ku tsaya, na ji ƙauri, ba wanda ya saurare ni. Aka bi ɗigon jini ta cikin gyaɗa. Duk karen da aka tarar a hanya sai a ce wa ya sani ko ya cije shi, a rufe shi da duka. Huɗu aka kashe kafin a kai Tarauni, har da wata karya mai shayarwa a bakin rijiya. Muntaka na tsakiyar taron, yana ta ba da labarin yadda kwana uku ke nan karen ke kumfar baki.

Jinin ya kai mu ƙofar gidan mijin Nana. Akwai rumbu a gefen zaure, a ɗore kan duwatsu, tsakaninsa da ƙasa bai fi kamu ɗaya ba. Duna yana can ƙarƙashi, ba a ganin komai sai idanunsa. A gaban rumbun kuwa Baba Ƙasimu ne zaune a ƙasa, ya jawo jikinsa daga zaure, ƙafar hagu a miƙe, tsinken kurkunu a ɗaure da zare.

"Baba Ƙasimu, matsa," in ji Barau. "Ba da kai muke ba."

"Da wa kuke, Barau, da rumbu?"

"Karenka ya ciji uwata."

"Innalillahi. An wanke wurin da sabulu?"

"Sabulu zai wanke hauka? Ka matsa tun ina ganin furfurarka."

"Wa ya ce hauka ne?"

"Ɗan 'yar'uwarka. A hannunsa yake."

Ƙasimu ya nemi Muntaka da ido har ya same shi. Muntaka ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kawu, ƙaddara ce. Ka bari a huta da shi."

Wani ya zura mashi ta bayan rumbun. Duna ya yi gurnani, taron ya ja da baya, sannan ya sake matsowa. Mai unguwa ya iso yana haki, ya ji ta bakin kowa, ya ce, "Ƙasimu, ka san doka. Mahaukacin kare kashe shi ake yi. Ba zan sayi ran karenka da ran mutanena ba."

"Ranka ya daɗe, mahaukacin kare ba ya gane gida. Wannan bai taɓa zuwa nan ba sai sau ɗaya, ya biyo ni. A ba ni ruwa a kasko. In ya sha fa?"

"In ya sha sai mu duba."

Aka kawo ruwa, aka tura kaskon da gora har ƙarƙashin rumbu. Ƙasimu ya yi fito, ya kira sunansa. Idanun nan biyu ba su motsa ba. Ya sake kira. Shiru. Karen da aka ƙona da safe, aka koro shi da ihu, ba zai fito gaban mutum talatin ya sha ruwa ba, amma taro ba ya irin wannan tunani.

"Kun gani!" in ji Muntaka da murna. "Yana tsoron ruwa!"

Barau ya ɗaga adda ya tako. Masu mashi suka zagaye rumbun.

"Tsaya," in ji Ƙasimu. "Zan shiga in fito da shi da hannuna. In ya cije ni, ku kashe shi, ni ma ku ɗaure ni tare da uwarka. In bai cije ni ba, ka sauke addar nan ka duba abin da zan nuna maka."

Daga cikin zaure Nana ta ɗaga murya. "Baba, tsinken! Saura kwana kaɗan ta fita, Baba, don Allah!"

"Koma ciki, Nana. Ki ɗora min ruwa a wuta."

Mai unguwa ya dubi Barau. Barau ya ce, "Ya shiga. Amma ina nan tsaye."

Tsohon ya kwanta rubda ciki, ya fara jan jiki da gwiwar hannu. Kansa ya shige, kafaɗu suka shige. Gurnanin ya ƙaru har ana jin sa a ƙirji. Na ga mai mashin da ke kusa da ni yana shirin zura shi, na riƙe masa gorar mashin. Daga ƙarƙashi muka ji muryar Ƙasimu ƙasa-ƙasa, yana yi masa kirarin da yake yi masa a daji: "Duna na Ƙasimu, baƙi mai hana zomo barci. Ni ne. Wa ya taɓa min kai?" Gurnanin ya koma wani siririn kuka. Sai muka ji harshe na lasar ruwa a kasko, laƙ, laƙ, laƙ.

Ƙasimu ya fito da baya, yana jan guntun igiyar. Wajen fitowa tsinken ya maƙale a dutsen rumbu. Na ga zaren ya ja, na ga farar tsutsar ta miƙe ta tsinke, saura ya koma cikin nama. Ƙasimu ya runtse ido sau ɗaya. Bai ko dubi ƙafar ba.

Ya kwantar da kan Duna a cinyarsa, ya ɗaga wutsiyar. "Barau, matso. Kai mahauci ne, ka san nama."

Wari ne ya fara isa gare mu, kamar kifin da ya kwana uku a rana, mutane suka toshe hanci. Jakar hagu ta fashe, mugunya da jini na zuba. Ta dama ta kumbura kamar lemun tsami. A samansu kuma ga wani ƙuna miƙaƙƙe, tsawon yatsa, gashin gefensa ya ƙanƙance.

Barau ya tsuguna ya daɗe yana kallo. "Wannan ƙarfe ne."

"Ƙarfe ne. In aka ɗora maka shi a wannan wuri, sannan wani ya faɗo maka a kai, ko uwarka ce sai ka cije ta."

Wasu suka yi 'yar dariya, Barau bai yi ba, amma ya ajiye addar a ƙasa. Nana ta miƙo ruwan ɗumi da tsumma. Ƙasimu ya yi ta gasa jakar dama, a hankali, har ta yi laushi, sannan ya sa yatsa biyu. Wani abu mai kauri, launin ƙasa, ya fito. Duna ya yi kuka, ya juyo, ya lashi hannun. Bai ciza ba.

Sannan tsohon ya ɗago kai. "Muntaka."

"Na'am, Kawu."

"Sau nawa ka matse masa?"

"Sau biyu, Kawu, kamar yadda ka ce. Duk wata."

"Madalla. Wane irin wari ya yi a hannunka?"

"Wari dai... irin na kashi."

"Kai da hancinka ke raba turare goma sha biyu ido a rufe? Yanzu fa ka ji shi, ka kasa faɗa, don tun da aka ɗaga wutsiyar hancinka na cikin riga. To zo ka nuna wa mai unguwa inda jakunkunan suke. Ba sai ka taɓa ba, nuna da tsinke."

Muntaka bai motsa ba. Ya ce ƙuna kuwa bai san shi ba, wataƙila a hanya wani ya yi masa. Nan na buɗe bakin da ya kamata in buɗe tun wata guda. Na faɗi kukan da na ji, da ƙaurin gashi, da maganar da ya faɗa min ta alhazai. Mai unguwa ya tura mutum biyu Gyadi-Gyadi. Suka dawo da sandar ƙarfe mai tsawon kamu uku, gashi a manne a bakinta, da sauran igiyar da suka kwance daga turke a gidan Muntaka.

"Kawu," in ji Muntaka, "wallahi magani na so in yi masa."

"Na ji. Hauka fa, ita ma magani ce?"



Bayan la'asar Malam Kolawole, malamin dabbobi da mai unguwa ya aika a kira, ya iso a kan keke. Ya wanke ciwon da wani ruwa mai launin shuni, ya duba bakin karen da idanunsa. Ya ce da Barau, "Ka gode wa Allah da addarka ba ta same shi ba. Da kun farfasa kansa kun jefar, da mamarka ta yi wata shida tana jiran mutuwa, ba mai iya ce mata e ko a'a. Yanzu a ɗaure shi kwana goma. Mai hauka ba ya kai kwana goma. Ita kuma a kai ta asibiti yau, ba gobe ba."

Mai unguwa ya ce to Muntaka ne zai riƙa wanke ciwon safe da yamma, ya ɗanɗana abin da ya guda. Ƙasimu ya ce a'a. "Hannun da ya ƙyamace shi yana da lafiya ba zai taɓa shi yana ciwo ba." Mijin Nana, da ya ga abin da ya gani, ya kafa turke da kansa a gefen zaure.

Kullum da safe Barau kan zo ya tsaya ya dubi karen ya tafi, ba sallama. Rana ta shida ya zo da ƙasusuwa a ganye, ya zube su, ya tafi, har yanzu ba sallama. Rana ta goma Duna na kwance yana gwaguyar ƙashi, ciwon ya fara kamewa. Inna Asma'u da ta kwana goma ba ta ci abin kirki ba ta ce a dama mata fura.

Ƙafar Ƙasimu kuwa ta kumbura tun daren farko, ta yi ruwa har wata uku, da ta warke idon sawun ya sandare. Ya koma gidansa da karensa, amma bai ƙara shiga daji ba.

Masu karnuka huɗun nan da Barau suka kai ƙara. Alƙali ya ji shaidu, ya ga ƙarfen. An yi wa Muntaka bulala goma sha biyu a bainar jama'a, aka ɗaure shi wata uku.